Ƙosai da Hannun Hagu

Ɗanbaba Bakano ne, ni kuwa Bazazzagi, saboda haka duk abin da na faɗa a kansa halalina ne, ba mai ce mini don me. Wasan Kanawa da Zagezagi bai nutse a teku ba, tare muka hau jirgi da shi, tare muka sauke shi a garin Bahiya, can ƙetaren teku inda ake jin Fotugis. Sunana Yahaya. Na daɗe ina bayansa a ƙarƙashin kaya, har na fi sanin ƙeyarsa a kan fuskarsa.

Muna samari aka kawo mu garin nan a ɗaure. Ba wannan labarin zan ba ku ba, wanda ya sha ya san ɗacinsa. Kowannenmu dai ya yi dako har ya fanshi kansa, muka kama ɗakunan haya a Barokinya, unguwar da baƙar fata ta yi yawa. Yarbawa sun fi kowa yawa, mu Hausawa 'yan tsiraru ne a cikinsu, kowa ya san tarin kowa.

Garin hawa biyu ne. A ƙasa, bakin ruwa, nan unguwar kasuwanci, Komarsiyo, take, da jirage da rumbunan kaya da warin taba da kifi. A sama, kan tudu, masu hali ke shan iska. Tsakaninsu hawa ne wanda ko jaki sai ya yi shawara da zuciyarsa kafin ya taka, kuma duk abin da na sama suka saya, kan ɗan Adam ne ke kai musu shi. Mu namu kayan fiyano ne, wato akwatin kiɗa na baƙin katako mai fararen haƙora, nauyinsa kamar alhakin maraya. A shekarun nan duk gidan da ke unguwar Bitoriya da yake so a ce shi ma gida ne, sai an ga fiyano a falonsa, ko da 'yar gidan ba abin da ta iya da shi sai tsorata kyanwa.

Ɗanbaba ke gaba, shi ke ba da waƙa mu muna amshi. Ba don nishaɗi ba ne. Idan ƙafa ɗaya ta saɓa, fiyano ya karkace, wuyan wani ya tafi ke nan, to waƙar ce ke haɗa ƙafafunmu. Murya kam Allah Ya ba shi, ko ni ba zan yi masa hassadarta ba. Sai ya cakuɗa Hausa da Yarbanci da Fotugis ɗin da bai taɓa miƙewa a bakinsa ba, ya zagi hawan, ya yi wa fiyano kirari, ya ce Bazazzagin baya barci yake yi. Mata su riƙa leƙowa ta taga suna dariya.

Amma fa mutumin yana da tsantseni har ya yi yawa. Na ga ranar da ƙishi ya kusa kayar da shi, wata baiwa ta miƙo masa ruwa da hannun hagu, ya yi godiya ya ƙi karɓa. Da na yi masa tsiya sai ya ce an raba mu da gari, an raba mu da iyaye, har suna an canza mana, shi Duminggus suke kiransa, ladabi kaɗai ne ba a gano ba da aka caje mu, don haka ba zai yar da shi a kan hanya ba. Na ƙyale shi, don wani lokaci Bakano ma yakan yi magana mai ma'ana.

A tsakiyar hawan akwai wani ɗan fili inda muke sauke kaya mu huta. Nan Uwani take suya. Bagobira ce, mijinta ya rasu, ita ma da kaskonta ta fanshi kanta. Ƙosai take yi da manja, wanda Yarbawa ke kira akara, kuma duk garin ba mai kama ƙafarta. Bakinta kuwa ya fi yajinta zafi. Ɗanbaba ya yi ta sayen ƙosan da cikinsa ba ya buƙata har ya fara tumbi, bai iya furta mata abin da ke ransa ba. Mutumin da ke cika unguwa da murya, idan ya zo gaban kaskon nan sai ka ji kamar an taka kaza. Da na gaji da kallonsa sai na ce ya sayo goro, jiragen Ikko suna kawowa, ni zan kai. Na kai, ta karɓa, ta juya shi a hannu ta ce za ta yi tunani. Wanda ya san Uwani ya san in ba ta so, da goron ya riga ni isa ƙasan hawa.

Ana cikin haka Sinyo Firminu ya shigo rayuwarmu.

Siririn Bature ne mai yatsu baƙi ƙirin da tawada, yana da 'yar maɗaba'a a Komarsiyo. Duk wata yakan fitar da mujallar kiɗa. Sunanta dogo ne, bakina bai taɓa iyawa ba, mu takardar fiyano muke ce mata. A ciki ba komai sai layuka da ɗige-ɗige kamar kashin ƙuda, wai su 'yan matan Bitoriya ke kallo su san haƙorin da za su danna. Bangonta kuwa kullum abu ɗaya: furanni, da wata farar mace ta karkatar da kai tana fifita kamar mai ciwon haƙori. Irin wannan bangon ne a kan duk mujallun da jirage ke kawowa daga Lisbon da Riyo, kuma nasu ya fi nasa kyau. Nasa sai su yi ta kwana a taga har rana ta cinye launinsu.

Wata rana ya biyo mu tun daga ƙasa har filin Uwani yana haki. Ya ce ya sa wani makaɗi ya rubuta waƙar Ɗanbaba yadda za a buga ta a fiyano, kuma yana so ya zana mu a bango. Mutum ne mai son bayani ko ba a tambaye shi ba. Ya ce mai wucewa ba ya jin kiɗan da ke cikin takarda, bango ne ke yi masa kiɗan da ido, idan bai tsayar da ƙafarsa ba shi ke nan. Ya ce mace mai fifita ba wanda ya san ta, amma duk gidan da ke da fiyano ya san mutumin da ya kawo shi yana waƙa, kuma mutum abin da ya sani yake miƙa wa hannu. Ɗanbaba ya ɗan yi jim saboda maganar zanen mutum, ya ce malamai ba sa so. Amma da aka ce har da Uwani za a sa, malamai suka fita daga zancen.

Washegari ya zo da wani faffaɗan dutse mai santsi, ya ɗora a kan akwati, ya ce a kansa yake zane da baƙin alli mai maiƙo, daga baya a shafa tawada a danna takarda. Ya tsara mu. Fiyano a baya, mu a jingine da shi, sama ya bar fili don manyan haruffa. A gaba Uwani tana miƙa ƙosai, Ɗanbaba yana karɓa. Ya ce ido fuska yake fara nema, daga nan ya gangaro hannu, saboda haka zai sa hannuwan nan biyu a tsakiyar bango, ya bar fari kewaye da su don kada ido ya ɓata hanya. Ya zana, ya nannaɗe dutsensa a buhu, aka ɗaukar masa ya tafi, bai nuna wa kowa ba.

Mujalla ta fito, ta kuwa ƙare kamar ƙosan safe. Matan Bitoriya suka riƙa aiko bayi su sayo. Idan muka wuce sai mu ji waƙarmu tana fitowa ta taga, an yi mata kwalliya har ta kusa fin ƙarfinmu. Firminu kamar ya taka rawa a titi.

A Barokinya kuwa wani karatun aka yi wa bangon. Wani Bayarabe mai aski ya manna shi a ƙofar shagonsa, jama'a suka taru, ni ma na kutsa. Kamanni dai sun fito, har tsagen fuskar Uwani. Amma a tsakiyar takarda, a cikin farin nan da aka bari don kada ido ya ɓata hanya, ga Uwani tana miƙa abinci da hagu, ga Ɗanbaba ya miƙa tasa hagun yana karɓa, yana washe baki. Wallahi ido bai ɓata hanya ba. Turawa sun ga dako da waƙa da fara'a, mu da Yarbawa ba abin da muka gani sai hannun tsarki a cikin abinci.

Kafin azahar sunansa ya koma Bahago. Ni na fara kiransa, ba zan ɓoye ba, hakkin wasa ne. Na yi dariya har cikina ya ƙulle. Dariyar ta tsaya ne da na isa filin Uwani na tarar masu saye suna tsokanarta, wannan ya ce a zuba masa amma da dama, wancan ya tambaya wane hannu ta dama ƙullun da shi. Wasu tsofaffi kuwa da gaske suka koma wajen wata mai suyar. Uwani ta hango ni. Ta kira ni, ta ciro goron nan daga bakin zaninta, yana nan a ganyensa, ta ɗora mini a tafi.

“Ka mayar wa abokinka. Ya kawo Bature ya tsayar da ni a rana, an raba ni gida-gida ina ba da abinci da hagu. Uwata ba haka ta haife ni ba.”

Na rantse mata ina wurin, da dama ta miƙa, da dama ya karɓa. Ta ce ita ma ta sani, sai in bi gari in gaya wa kowace takarda.

Da na kai masa goron, Ɗanbaba ya bar mini shi a hannu. Ranar muka hau da fiyano ba waƙa, muka yi ta tuntuɓe kamar makafi, har na gefe ya kusa barin kafaɗarsa a hanya. Tausayinsa ya kama ni ƙwarai, ban taɓa ganin ƙeyar nan ta sunkuya haka ba. Muna saukewa na ja shi sai maɗaba'a.

Firminu ya tarbe mu da murna, ya zaci barka muka zo yi. Da muka gaya masa, ya kalli bangon ya kalle mu, ya ce to mene ne, hannu ai hannu ne. Ɗanbaba ya ce ƙarya ya zana masa. Bature ya ji haushi, ya jawo dutsen ya yaye buhu. Sai ga su nan, dama da dama, yadda aka yi. Ya shafa tawada, ya kifa takarda, ya danna, ya ɗago: hagu da hagu. Ashe takarda fuskantar dutse take yi, kamar ni da kai idan mun tsaya gaba da gaba, damata tana kallon hagunka. Shi ya san da haka sarai, don haruffa a juye yake rubuta su su fito daidai. Mutane ne bai taɓa damuwa ya juya ba, tun da mace mai fifita ba ta taɓa kawo ƙara ba.

Ɗanbaba ya daɗe yana kallon dutsen. Ya ce a kai wa Uwani ta gani. Na ce ba za ta sauko ba ko da sarkin Fotugal ne ya kira ta. Ya ce to dutse zai hau. Haka muka ɗauki dutsen da mutum biyu za su iya, muka kira abokan dakonmu duka muka sa masa kai kamar fiyano, Firminu na biye yana roƙon a yi a hankali. A rabin hanya muryar Ɗanbaba ta dawo, ya fara yi wa dutse waƙa, wai shaidan da ba ya cin hanci. Kafin mu isa fili rabin Barokinya na bayanmu.

Uwani ta goge hannu, ta duƙa ta duba da kyau. Aka kawo takarda aka jera, jama'a suka yi ta salati, mai askin nan ya ce lallai gani ya kori ji. Ita kuwa ta miƙe ta ce dutse ya yi gaskiya, amma ba dutse ne ke rataye a tagogin gari ba. Ta koma kan kaskonta.

Firminu da ma yana neman hanyar da zai sake samun mu, don masu saye sun fara tambayar wata mai zuwa. Ya ce zai yi sabon bango. Na ce to wannan karon ya juya mutanen a kan dutse yadda yake juya haruffa. Ya ce haruffa ba su da rai, mutum kuwa sai yana ganinsa yake iya zana shi, ya taɓa gwadawa da madubi fuskokin suka fito kamar na gawa. Hanya ɗaya ce: idan ana so takarda ta nuna dama, sai a tsaya masa da hagu.

Kowa ya san waye Ɗanbaba, mutumin da ya zaɓi ƙishi a kan hannun hagu. Yanzu ana so ya tsaya a bainar jama'a ya aikata abin da aka yi masa sharri da shi, don sharrin ya goge. Ya ce shi ya yarda, in mai kasko ta yarda. Uwani ba ta ɗago ba, ta ce a zo gobe da hantsi, kafin mai ya yi baƙi.

Gobe ta yi, filin nan ba masaka tsinke. Har masu ɗaukar kujerar haya suka ajiye fasinjojinsu suka tsaya kallo. Firminu ya gyara sabon dutse, ya sake tsara mu, ya ce hannuwa dai a tsakiya kamar wancan, don su ne suka sayar da mujalla. Uwani ta tsamo ƙosai, ta yi ta jujjuya shi daga wannan hannu zuwa wancan kamar ba ta san inda hagunta take ba. Ɗanbaba ya ɓoye damarsa a baya ya riƙe rigarsa da ita, don kada ta yi masa shisshigi. Ya miƙa hagu. Yarbawa suna ta shewa, ni kuma ina jingine da fiyano ina tuna masa cewa Bakano da ma bai san dama da hagu ba. Firminu yana ta faɗa a daina motsi.

Zanen ya ɗauki lokaci, ƙosai ya huce, gumi ya jiƙe su. Ni na fi kowa kusa, don haka ni kaɗai na ji abin da ta ce, ba ta ko motsa leɓe sosai ba.

“Malam Ɗanbaba, tun da nake ban taɓa miƙa wa mutum abinci da wannan hannun ba. Ba kuma zan yi wa wani ba bayan kai.”

Ya ce, “Ni ma ban taɓa karɓa ba, Uwani.”

“To goron nan yana nan, ko Bazazzagi ya cinye?”

Yana aljihuna, ya fara yaushi. Da Firminu ya ce an gama, Ɗanbaba ya mayar da ƙosan hannun dama, ya yi bisimilla ya cinye shi a sanyinsa. Ni kuma na miƙa goro, da hannu biyu, don kada a sake samun magana.

Bango na biyu ya fito dama da dama. Turawa ba su ga bambanci ba, wata ma ta aiko tana ƙorafin an sayar mata da hoto ɗaya sau biyu. A Barokinya kuwa mai aski ya manna shi kusa da na farko, ya riƙa ba da labarin ga duk wanda ya zauna a kujerarsa, har ciniki ya ƙaru masa. Tsofaffin da suka gudu suka dawo wajen Uwani da 'yar kunyarsu. Aka ɗaura aure a ɗakin wani dattijo, ba hayaniya, don a garin nan taron Musulmi ba ya son idon hukuma. Firminu ya ci gaba da sa mutanen titi a bangonsa, masu kifi, masu wanki, masu sayar da lemo, kuma kafin ya fara zane sai ya tambaya ko akwai abin da ke zama zagi a wurinsu. Sunan Bahago dai bai goge ba. Har 'yan dakon da aka haifa a nan, waɗanda ba su jin Hausa ko ta sannu, da shi suke kiransa, shi kuma yana amsawa.

Sun zauna lafiya, da faɗansu da dariyarsu. Da gwiwa ta gaza, ya bar dako ya koma kusa da kasko yana miƙa wa masu saye, yana rera waƙa idan masu fiyano sun zo wucewa don ya gyara musu ƙafa. A nan tsufa ya same shi, a nan kuma ya bar mu, cikinsa cike.

Bayan an share makoki na je gaishe da Uwani. A jikin bangon ɗakinta na ga takarda ɗaya, ta yi ja don hayaƙi. Na matsa na duba, sai na ga ta farkon ce, mai hagu, wadda ta kusa raba su. Na ce haba Uwani, duk wahalar da muka sha a rana don a samu mai kyau, sai ki rataye ta abin kunya?

Ta ce ta biyun tana cikin akwati, ta mutane ce, a ranar kowa ya san ana kallonsa. Ta ɗauko wani ɗan madubi mai tsaga daga kan taga, ta juya wa takardar baya, ta ɗaga shi saitin kafaɗarta, ta ce in zo in leƙa. Na leƙa. Ga Bakanon nan a ciki, ya miƙa damarsa yana washe baki, yana kallonta kamar bai taɓa ganin ƙosai ba.

“Ka gani? Haka ya karɓa,” in ji ta. Ta goge madubin da bakin zani, ta mayar da shi kan taga.